Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Marubuta Na Intanet: A Karanta Kafin A Saki

Assalamu alaikum.

Yayyena kuma malamaina, shugabannin ƙungiyoyin marubuta da masu riƙe da zaurukan da muke sakin rubutu a cikinsu, ina gaishe ku da ɗawainiya. Ni mamba ce a wasu daga cikin zaurukan nan. Ina taɓa rubutu, amma karatuna ya fi rubutuna yawa. Na zaɓi in yi maganar nan a bainar jama'a ne domin ba ƙungiya ɗaya ta shafa ba, kuma na san akwai ƙannenmu masu tasowa da abin yake damunsu, nauyinku ne kawai ya hana su buɗe baki.

Roƙona ɗaya ne. Kowace ƙungiya ta tanadi wanda zai karanta rubutun ɗanta kafin ya fita ga jama'a, karatu na tsanaki, irin na mai neman inda ya karkace domin a miƙe shi.

Ba na raina abin da kuka gina. A da, wanda ya gama rubuta labari sai ya nemi kamfanin da zai karɓa, ko ya tara kuɗin maɗaba'a, sannan ya nemi mai kai littafin kasuwa. Mutane da yawa sun tsufa da rubutunsu a cikin akwati, ba wanda ya taɓa gani. Yau yarinya tana ɗakinta za ta rubuta babi a waya, kafin gari ya waye mutanen da ba ta taɓa gani ba sun karanta, har suna jayayya a kan taurarinta. Abin ba ƙarami ba ne, kuma masu kuɗi sun riga mu gane haka. Dandalin Wattpad da aka kafa a Toronto ta Kanada a 2006 domin irin wannan rubutu, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021 a kan fiye da dala miliyan 600, kuma babban abin da suka saya shi ne taron marubuta da masu karatu irinmu. Ku kuwa kun yi naku ba tare da kowa ya biya ku ba. Kun tara mu, kun sasanta rigingimu, kun tallata sababbin littattafai, kun ba wanda bai san kowa ba suna da zai jingina da shi. Allah ya saka da alheri.

Sai dai a cikin sauƙin nan mun rasa mutum ɗaya, wanda a da yake tsaye tsakanin marubuci da mai karatu, wato edita. Ba mai gyara waƙafi da aya kawai nake nufi ba. Ina nufin wanda zai karanta labari daga farko har ƙarshe ya ce wannan babin bai tsinana komai ba a cire shi, wannan tauraron ya canza hali ba dalili, ƙarshen nan an yi shi ne da gajiya. Manyan marubutan duniya ba su wuce wannan matakin ba. T. S. Eliot, mawaƙin da ya ci kyautar Nobel a 1948, doguwar waƙarsa ta 1922 wadda ta ɗaga sunansa, abokinsa Ezra Pound ne ya bi ta layi-layi ya zubar da kusan rabinta kafin a buga. Eliot ya karɓi mafi yawan gyaran, daga baya ma ya sadaukar masa da waƙar, ya kira shi wanda ya fi gwaninta. Mu ma a harshenmu haka aka faro. Ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933 sai da suka bi ta hannun Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, ya karanta ya gyara, sannan aka buga su, kuma Abubakar Imam da muke alfahari da shi da edita a gefensa ya yi aikin da ya yi. To idan waɗannan sun buƙaci ido na biyu, ina ga yaron da ya fara rubutu bara?

Ku dubi yadda abin yake gudana yanzu. Marubuciya ta gama buga shafi da tsakar dare, ido ya yi nauyi, yatsa ya gaji. Ba ta sake bi ta kansa ba, domin tun da yamma ake aiko mata da saƙo ana tambayar ci gaba. Ta saki. Nan da nan addu'o'i su fara sauka: Allah ya ƙara basira, Allah ya ƙara wa alƙalami kaifi, muna biye, a ƙaro mana. Wata ta ce ita fa ta tsani wance, wata ta rantse in aka kashe tauraron ta daina karantawa. Duk wannan da daɗi, kuma mai karatu bai yi laifi ba, nishaɗi ya zo nema ya samu ya yi godiya. Amma ba wanda ya ce mata yarinyar da aka ce shekararta 17 a babi na biyu, an tsallake shekara biyar a babi na tara, sai ga ta da shekara 19. Ba wanda ya tuna mata wasiƙar da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa tun farkon labari, wadda aka sa mu riƙe numfashi a kanta, har labarin ya ƙare ba a sake waiwayarta ba. Waɗanda suka lura sun yi shiru don kada a ce suna hassada. Ita kuma ta tafi da yaƙinin cewa ta yi daidai, ta ɗauki kuskuren ta shiga da shi littafi na biyu da na uku. Na sha ganin masu basira ta gaske da suka yi shekaru suna rubutu, littafinsu na baya-bayan nan bai fi na farkon da komai ba. Wannan yana yi mini ciwo, domin ba basirar ce ta gaza ba, ba a taɓa nuna musu inda za su ƙara ba ne.

Wani zai ce ai laifin sakin labari kashi-kashi ne. Ban yarda ba. Sakin labari fitowa bayan fitowa tsohuwar hanya ce mai daraja. Charles Dickens na Ingila ta haka ya yi suna tun daga 1836, yana fitar da yawancin littattafansa wata-wata, kowace fitowa shafi 32. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, shi ma an taɓa buga labarinsa kashi-kashi a jaridar Al-Ahram. Amma ku lura da abu biyu game da Dickens. Wata guda yake da shi tsakanin fitowa da fitowa, mu kuwa mun ɗora wa junanmu shafi kullum. Sannan daga littafinsa na 1846 zuwa gaba, yakan zauna ya rubuta tsarin kowace fitowa a takarda: wa zai bayyana, wa za a jinkirta, me za a shuka yanzu domin a girbe shi a gaba. Shi ma ya ɗanɗana matsin kasuwa. A 1843 da cinikin wani labarinsa ya yi ƙasa, sai ya ɗauki tauraron ya tura shi Amurka a tsakiyar labarin. Idan matsin masu karatu ya iya karkatar da mutum irin wannan da yake da wata guda na tunani, me zai yi wa wadda ake jiranta kowane dare?

Abin da yake yi mata a fili yake. Ranar da ba ta da abin faɗa, dole ta cika shafin, sai ta kwashe rabinsa tana bayanin kayan da tauraruwa ta sa da irin motar da aka zo da ita, sauran rabin kuma gaishe-gaishe. Labarin da babi talatin ya ishe shi sai ya kai ɗari. Wanda ya kamata ya mutu a babi na ashirin sai a bar shi da rai saboda masu karatu sun yi roƙo, daga nan jigon ya warware, ita kanta ba ta san inda ta dosa ba. Ƙarshenta ko dai a dunƙule komai a shafi biyu, mugu ya tuba, mara lafiya ya warke, ko kuma a wayi gari labarin ya tsaya cak, a ce sai an ji mu a sabon littafi. Ku da kanku kun san yawan labaran da aka bari a rataye a zaurukanku.

Shi ya sa nake ganin aikin mai karatun farko ya kamata ya fara tun kafin a saki babi na ɗaya. Marubuci ya kawo masa shafi guda da ya ƙunshi labarin gaba ɗaya: waye tauraro, me yake so, me ya tare masa hanya, ina abin zai ƙare. Wanda ya kasa faɗin ƙarshen labarinsa a layi uku bai shirya farawa ba tukuna, kuma gara ya ji haka daga bakin ɗan'uwansa a asirce da ya gano shi a babi na hamsin jama'a na kallo. Ba cewa nake ƙarshen ba zai canza ba, sau da yawa labari yana nuna wa mai shi hanyar da ta fi wadda ya tsara. Amma wanda ya san inda ya nufa, in ya sauya hanya da saninsa ya sauya. Sannan a shawarce shi ya tara babi da dama a ajiye kafin ya fara saki, domin ranar rashin lafiya ko ranar da kai ya toshe kada ya cika shafi da abin da zai ji kunyarsa daga baya.

Bari in nuna irin karatun da nake nufi, don kada a ɗauka wani babban ilimi ne da sai an je jami'a. A ce ƙanwarmu ta rubuto haka:

"Ta shigo ɗakin cikin tsananin ɓacin rai da baƙin ciki mara misaltuwa, zuciyarta na tafarfasa, hawaye na zuba daga dara-daran idanunta, ta zauna a bakin gado cikin tsananin ɓacin rai."

Mai yabo zai ce ma sha Allah. Mai cin fuska zai ce wannan ai ba rubutu ba ne. Dukansu ba su ba ta abin da za ta yi aiki da shi ba. Mai karatun farko zai ce mata: kin faɗa mini ranta ya ɓaci har sau biyu a jimla ɗaya, amma ban gan ta ba. Me take yi da hannunta? Wa ta tarar a ɗakin? Mece ce kalmar farko da ta fito daga bakinta? Ya tsaya nan, kada ya rubuta mata. Ita ce za ta koma ta yi tunani, wataƙila ta dawo da wani abu kamar haka:

"Ta shigo ta ajiye wayar a kan gado, ta sake ɗauka ta duba, ta kife ta. Ƙanwarta ta ɗago ta ce, 'Yaya, lafiya?' Ba ta kalle ta ba ta ce, 'Rufe ƙofar.'"

Babu kalmar ɓacin rai ko ɗaya a ciki, amma duk wanda ya karanta ya san akwai magana, kuma yana son ya ji mece ce a cikin wayar. Wadda aka yi wa tambayoyin nan uku sau ɗaya, ta samu abin da za ta riƙa tambayar kanta a kowane shafi har iya rayuwarta. Yabo dubu ba zai ba ta wannan ba.

Na san dalilin da ya sa ake gudun gyara a zaurukanmu, kuma dalili ne mai ƙarfi. An sha yin sa ba da ladabi ba. Wani ya ɗauko shafin mutum ya baza a gaban ɗaruruwan mutane yana zagaye kurakurai da jan layi, magoya baya su taso, a koma gori da habaici, a raba zaure biyu, a yi watanni ba a ga maciji. Daga nan sai shugabanni su kafa dokar hana sukar rubutun kowa domin a zauna lafiya. Na fahimci dokar, amma ta kashe gyaran tare da rigimar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, matuƙar an san yadda za a faɗa da inda za a faɗa.

Akwai abin koyi a wajen waɗanda suka daɗe suna wannan aiki. Shirin horar da marubuta na Jami'ar Iowa a Amurka, wanda aka kafa a 1936, ya shahara da wata ƙa'ida: idan ana tattauna rubutun mutum, shi yana zaune ne ya yi shiru yana saurare. Hikimar ita ce, ranar da littafi ya fita marubuci ba zai bi kowane mai karatu gida ya yi masa bayanin abin da yake nufi ba, don haka abin da shafin bai faɗa ba, bai faɗu ba. Ni ban ce a ɗauki ƙa'idar yadda take ba, domin shirun da ba shi da ƙarshe yana iya zama danniya ga sabon shiga. A bar shi ya saurara har a gama, sannan a ba shi dama ya yi tambaya. Shi kuma mai gyara a ɗaure shi da nasa sharuɗɗan. Magana a kan shafi take, ba a kan mai shafin ba. Duk abin da zai ce, mai kyau ko mara kyau, ya nuna layin da yake nufi. Ya faɗi abin da ya yi aiki da irin dalla-dallar da zai faɗi abin da bai yi ba, domin marubuci yana buƙatar sanin ƙarfinsa kamar yadda yake buƙatar sanin rauninsa. Kada ya nemi mayar da salon wani irin nasa. Kuma a yi shi a keɓe, tsakanin mutum uku ko huɗu da suka amince da juna, abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Hukuncin ƙarshe na mai labari ne, in ya ga dama ya karɓa, in ya ga dama ya bari.

Za ku ce wa ke da lokacin? Tambaya ce ta gaskiya, kowa da hidimar gabansa. Amma ba a kanku kaɗai nake son nauyin ya sauka ba. A yi shi ba-ni-in-ba-ka: duk wanda yake son a karanta masa babi, ya karanta na wani. Marubutan intanet na wasu harsuna sun daɗe suna haka, mutum ba ya sakin babi sai wani ɗan'uwansa ya yi masa karatun gwaji, kuma kyauta suke yi wa juna. Wanda yake karanta wa wani ma ba asara yake ba. Kuskuren da ba ka iya gani a shafinka, a shafin wani za ka fara ganinsa ƙarara, daga nan idonka ya buɗe a kan naka. Abin da ake buƙata daga gare ku shi ne ku haɗa mutanen, ku rubuta sharuɗɗan, ku tsaya a kansu.

Sai kuma abin da ya fi wannan nauyi, kuma ina roƙon ku yi mini uzuri in na yi tsaurin ido. Ku ne za ku fara miƙa naku rubutun. Muddin gyara abu ne da ake yi wa yara kawai, kowa zai ɗauke shi alamar ƙasƙanci, ya yi ta ɗokin ranar da zai girma ya wuce shi. Amma ranar da shugabar ƙungiya mai littafi ashirin ta miƙa babinta ga mambobi uku ta ce ku duba mini, ta kuma fito ta ce wance ta nuna mini kaza na gyara, daga ranar ba wanda zai ƙara jin kunyar a gyara masa. Wannan ba abu ne da doka za ta iya yi ba, sai an gani a jikinku.

Ƙa'idojin rubutu ba zan tsawaita a kansu ba, domin su ne mafi sauƙin magani. Haruffa masu ƙugiya suna nan a madannin waya ga duk wanda ya saita shi da Hausa. Raba kalmomi da haɗe su, da inda ake sa alamar zance, abu ne da za a tattara a shafi biyu a ba kowane sabon mamba ranar da ya shigo. Mai karatun farko bai kamata ya ƙarar da ƙarfinsa a nan ba, alhali labarin kansa yana jiran a duba shi.

Akwai wata fa'ida da tsarin nan zai kawo wadda ta shafi kukan da muke yi kullum, wato satar fasaha. Kowa ya san yadda ake yi: a kwafe labari a cire sunan mai shi, ko a canza sunayen taurari a sake shi a wani wuri, ko a karanta shi da murya a ɗora a YouTube ba a ko sanar da marubucin ba. Da yawa daga cikinmu suna zaton ba su da haƙƙi tunda ba a buga littafin a takarda ba, ko ba a yi masa rajista ba. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar Berne da aka fara ƙullawa a 1886, wadda ƙasashe fiye da 180 suke cikinta yanzu, ta tanadi cewa kariyar haƙƙin mallaka ba ta rataya a kan rajista ba, kuma marubuci yana da haƙƙin a jingina masa aikinsa da sunansa. Inda ake shan wuya shi ne hujja, wa ya riga wa. To idan babi yana bi ta hannun masu karatun farko kafin ya fita, ga shaidu nan, ga kwanan wata a jikin saƙon. Idan kuma ƙungiya tana karɓar kwafin kowane labari da aka kammala tana adanawa a wuri fiye da ɗaya, an tsira daga wata asarar. Waya tana faɗuwa, ana rufe wa mutum lamba, kuma manyan dandamali ma suna mutuwa: an rufe Google+ a 2019, an rufe Yahoo Groups a 2020, abin da mutane ba su kwashe ba ya tafi. Bai kamata aikin shekara guda ya zama a cikin waya ɗaya kaɗai yake ba.

Ina roƙon ku sa maganar nan cikin abin da za ku tattauna a zamanku na gaba. Ko ƙungiya ɗaya ce ta fara, da labari ɗaya, a bi shi tun daga shafin tsarinsa har babinsa na ƙarshe, sauran za su ga yadda ya fito su yanke wa kansu hukunci. Idan ana neman masu karatun farko, a rubuta da ni, kuma babina na gaba zan miƙa shi ga duk waɗanda kuka haɗa ni da su kafin in saki.

Wassalam.

Taku,
ƙanwarku a fagen rubutu.